Teburin da Yake Numfashin Daddawa

Kamfanin da nake wa aiki a Manchester bai wuce ɗaki biyu da banɗaki ba. Ogana Bature ne ɗan garin, dogo, mai kirki, sai dai Allah ya ɗora masa tsoron gobara, ko butar shayi ya gani a jone sai ya zare. A lokacin da nake ba da labari kwantiragina saura 'yan makonni ya ƙare, bizata kuma a jikin kwantiragin take rataye. Ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye: idan injin gwajin da ya sayo ya tashi, muka nuna wa masu zuba jari sakamako kafin ƙarshen wata, zai sabunta mini. Idan bai tashi ba, sai in tattara komatsaina daga ɗan ɗakina na unguwar Hulme in koma gida.

Aikin injin ba wuyar faɗa. Akwai wani faifan silikon, zagayayye, siriri, mai ƙyalli, an zana ƙananan gidaje birjik a kansa, kowane gida shi ne zai zama ƙwaƙwalwar wata na'ura. Kafin a yanyanka faifan sai an gwada kowane gida a ga ko yana da rai. Sai ka ɗora faifan a kan farantin ƙarfe mai zuƙe shi da iska, ka leƙa ta madubin ƙara girma, ka sauko da allurai da suka fi gashi siranta su taɓa shi, ka tura wuta ka karanta a kwamfuta. Duk wannan yana cikin wani baƙin akwatin ƙarfe mai ƙofa, don kada haske ya shiga. Akwatin kuma yana kan tebur mai yawo a kan iska, saboda ko bas ce ta wuce a titi alluran sai su yi rawa.

Na hannu ya saya, daga wani ɗakin bincike da aka rufe a Birmingham. Masu ɗaukar irin wannan kaya suka ce sai wata mai zuwa. Ni da shegen bakina na ce ai ina da kawu a unguwar Sparkhill, can Birmingham ɗin, mai motar ɗaukar kaya.

Ranar Juma'a da safe na je muka kwance injin, muka naɗe kowane ɓangare da soso, muka loda. Kawu ya ce shi ba ya hawa babban titi ranar Juma'a, sai Asabar da safe. Na roƙe shi kada kowa ya taɓa komai, ya ce haba, shi yaro ne? Na hau jirgin ƙasa na koma in shirya ɗakin. Shi kuma da aka idar da salla ya ambata a ƙofar masallaci cewa gobe zai leƙa Manchester.

Wanda ya san mu ya san mota ba ta barin gari haka kawai. Kowa yana da wani a Manchester, kuma kowane wani yana jiran saƙo.

Da motar ta tsaya a ƙofar kamfani, abin da na fara gani shi ne wata dattijuwa 'yar Gana a kujerar gaba, rungume da kular abinci, za a sauke ta wurin 'yarta a unguwar Fallowfield. Ta gaishe ni da fara'a, ta ce na yi kama da mutanen kirki. Kawu ya buɗe baya. Buhun shinkafa yana kwance a kan akwatin madubi, keken ɗinki ya jingina da saman tebur. Na buɗe ƙofar baƙin akwatin, na tarar an shirya shi tsaf kamar kanta: yaji, kuka, kilishi, busasshen kifi, kowane ƙulli da sunan mai shi.

Na ce, “Kawu, mene ne wannan?”

Ya ce, “Saƙon mutane. Antinki ce ta ga akwatin ba komai a ciki, ta ce asara ce.”

“Kawu, ai rashin komai ɗin shi ne aikinsa.”

Ya dube ni, ya dubi akwatin, ya ce Allah ya kyauta, shi dai bai taɓa ganin an sayi akwati don kada a sa masa komai ba.

Allah ya taimake ni Oga ba ya zuwa ranar Asabar. Na kira Anti, matar Kawu, na zazzage mata abin da ke cikina. Ta fara cewa, “Tsaya ki ji, akwai ɗaya da na...” na katse wayar. Daga nan ko ta kira ba na ɗauka. Ina da zuciya, duk dangi sun sani.

Asabar da Lahadi a goge-goge na yi su. Na goge akwatin da sinadarin wanke na'ura har yatsuna suka yi fari. Da na leƙa farantin ta madubi sai na ga wani jan dutse ya tare hanya, ashe ƙwayar yaji ce guda ɗaya.

Ranar Litinin muka sa fararen kayan ɗakin gwaji, har da hula da safar hannu, muka fara haɗawa. Muka kafa ƙafafun teburin, bututun ƙarfe ne masu rufin roba a baki. Muka ɗora samansa, na daidaita shi har kumfar ma'auni ta zauna a tsakiya. Muka ɗora akwati, na ɗaure madubi, na jona tiyon iska, na sa allurai ina riƙe numfashi. Na kunna famfon iska, teburin ya ɗago a hankali, gwanin sha'awa. Oga ya dafa gefensa don murna. Teburin ya ce fsss, kamar yadda irinsa ke yi idan yana gyara zama, sai wari ya cika ɗakin.

Oga ya yi tsalle ya zare duk wata waya da ke bango. Ya ce wani abu yana ƙonewa.

Ni kam na san warin. Ko daga barci aka tashe ni na san daddawa. Amma na kwashe komai, na goge komai, to daga ina? Na shiga taya Oga dube-dube, don ban ga ta inda zan fara masa bayani ba.

Oga ya kafa doka: ba mai kunna injin sai an gano abin da ke wari. Ya kira mai gyaran wuta. Mutumin ya shinshina, ya ce wannan ba waya ba ce, wani abu ne ya mutu. Aka kira mai maganin ɓera, ya sa hula da safa, ya ɗana tarkuna a ɗakin da ko hoda ba a yarda mace ta shafa ta shiga ba. Oga da kansa ya riƙa rarrafe a ƙasa cikin farin kaya yana bin bango da hanci. Har ya gano cewa warin ba ya tashi sai an dafa teburin, ya zauna yana dafawa yana shinshinawa yana nazari. Ni kuma na fara zargin kaina. Na wanke duk mayafaina, na daina miyar kuka, na canja jaka.

Kwanaki suna ta tafiya. Gaskiya tsoro ya kama ni, irin wanda ke hana cin abinci. Shekarun da na yi ina karatu a garin nan, ruwan sama na dukana a tashar bas, ga shi za su ƙare a kan warin da ba a san inda yake ba.

Ranar Alhamis Kawu ya kira, na ɗauka, sai na ji muryar Anti.

“Kin gama fushin?”

“Ina wuni, Anti.”

“Lafiya lau. Kin ciro ta ƙafar tebur?”

Na ce wace ta ƙafar tebur?

Ta ce, “Daddawarki mana. Mamanki ce ta aiko ta hannun wata da ta dawo daga gida, da hannunta ta yi. Na san halin kawunki, in ya gan ta cikin saƙo rabar da ita zai yi. Shi ne na cire robar nan ta ƙafar baya na tura ta can ciki na mayar. Na zo faɗa miki kika kashe mini waya.”

Na je na sami Oga na ce na san inda abin yake. Muka sauke komai, muka ɗage saman teburin, na lanƙwasa wayar rataye riga na zura a ƙafar baya. Leda ta fito, cikinta wata ledar, cikinta kuma ƙulli a guntun atamfa. Na gane atamfar tun kafin ta gama fitowa. Tsohon zanen Mama ne, kore mai zanen ganye, wanda take ɗaurawa idan za ta shiga kicin.

Oga ya ja baya kaɗan ya tambaya ko mene ne. Na ce abinci ne. Ya ce ci ake yi? Na ce mahaifiyata ce ta yi shi. Sai ya cire hularsa, ya ce in yi haƙuri da batun ɓeran. Daga nan ya sake tambaya ko yana kamawa da wuta, na ce a'a, ya je ya mayar da wayoyin bango da kansa.

Washegari muka sake haɗa injin. Na ɗora faifai, farantin ya zuƙe shi. Na leƙa madubi, na sauko da allurar farko a hankali har ta taɓa ta ɗan zame gaba, alamar ta kama. Na sauko da sauran, na rufe ƙofar akwatin, na danna. Layi ya tashi a fuskar kwamfuta sumul, ba rawa ko kaɗan. Kafin a tashi aiki Oga ya sa hannu a sabon kwantiragina.

A bas ɗin komawa Hulme na ɗora ƙullin a cinyata. Wanda ke kusa da ni ya tashi ya koma hawa na biyu na bas ɗin, na bayana ma suka bi shi, ni ko a jikina. Na kira Mama na ce an sabunta, zan ƙara wasu shekaru a nan. Ta yi hamdala, ta yi ta sa albarka.

Ta ce, “Daddawar ta iso?”

Na ce, “Ta iso, Mama.”

Ta ce, “To ki riƙa sa kaɗan-kaɗan, tunda ba yanzu za ki zo ba.”