Nélida da Taurarinta Uku

Nélida Bustos 'yar direban bas ce daga garin Alta Gracia. Shekara ashirin da shida ta yi tana hawa tudu zuwa tashar kula da taurarin ɗan'adam, gorar ruwan zafi a hammata, ƙoƙon shan mate, shayin ganyen ƙasarsu, a jaka. Kiwonta na ƙarshe taurari uku ne, kowanne bai fi injin wanki girma ba. A jere suke tafiya, kilomita goma tsakanin kowane biyu, suna auna damshin ƙasa don manoman waken soya. In tazarar ta ɓaci awon ya ɓaci, sai a rufe aikin.

A shekararsu ta bakwai a sama man tauraron gaba ya ƙare. Can sama akwai wata iska siririya, ba ta isa numfashi ba, amma tana jan duk abin da ya ratsa ta. Tauraron da ya rasa man ɗaga kansa nutsowa yake yi, wanda ya nutso kuwa zagayensa ya gajarta, sai ya tsere wa 'yan'uwansa. Kullum tazarar tana ƙaruwa da mita ɗari huɗu.

Anselmo mai gyaran eriya, abokin aikinta tun suna da baƙin gashi, ya ce, "Ki ƙyale shi, tsohuwa. Ai biyun nan lafiyarsu ƙalau."

"Biyu ba sa awo, mai sanƙo. Hoto kawai za su ɗauka."

"To ki taka musu mai su bi shi mana."

"Ka ɗauka bas ɗin babana ce? A can in ka taka, sama za ka yi, ka ƙara zama baya. Miƙo ƙoƙon nan, ka riƙe shi sai ka ce makirufo."

Ta rubuta wa shugabanni shawararta: biyun baya su juya fukafukansu masu shan rana su tari iskar, su nutso tare da na gaba. Ba ta ɓoye farashin ba. Maimakon shekara takwas, cikin uku za su faɗo su ƙone. Sai da aka yi kwana goma sha ɗaya kafin a amince.

Wata Talata da hantsi taurarin suka gifta ta saman tashar na minti tara, ta aika umarnin. Mako guda lambar tazarar ba ta daina hawa ba. Sannan ta tsaya, ta fara saukowa a hankali, kamar ruwan tafki bayan damina.

Girbi uku suka ƙara aunawa. Lokacin da suka ƙone a saman teku, ɗaya bayan ɗaya cikin mako guda, Nélida ta riga ta yi ritaya. Anselmo ya bugo mata waya tana aske itacen lemo. Ta tambaye shi tazarar ƙarshe.

"Goma da ɗigo biyu," ya ce.

Ta ce, "Ba laifi."