Ƙugiyoyin da Laminu Ya Ji Kunyar Karɓowa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shanyar gyaɗa da hantsi Rabi, matar ɗana Laminu, ta faɗo gidana babu ko kallabi. Ta ce, “Inna, ƙarfe ya buge shi.” Kafin in isa, maƙwabta sun lulluɓe shi da zane a gindin motarsa.

Laminu direba ne, yana jigila tsakanin Madarumfa da Ɗan Issa. Hanya tana cin amortisa, ƙarfen nan da ke tare wa mota girgiza, shi kuwa a gida yake canza tasa. Ban taɓa ganin mai tsantseni da kayan aiki irinsa ba. Sifana in ba daidai bakin noti take ba, ba ya ɗora ta. Ba ya shiga ƙarƙashin mota don jak kaɗai ya ɗaga ta, sai ya kafa mata ƙafafun ƙarfe. Rasor, murɗaɗɗen ƙarfen da ke kewaye da amortisa, shi ya fi tsoro. Yana da ƙugiyoyi biyu masu zare da yake matse shi da su kafin ya kwance notin sama. Yakan ce, “Inna, wanga ƙarfe bai san mai shi ba.” In abokansa direbobi suka tsokane shi, “Likita, yau wa za a yi wa tiyata?”, sai ya ce, “Ku dai ku yi dariya da haƙoranku cikakku.”

Surukinsa, baban Rabi da ke garin Gabi, ya ari ƙugiyoyin tun kafin damina, bai maido ba. Da amortisa ta mutu, mota ta tsaya, hatsi ya kusa ƙarewa a gida. Rabi ta ce bari ta kira babanta. Laminu ya ce, “Ni in aika wa Baba ya maido mini kaya? Da wane ido zan dube shi?” Ya ɗaure rasor da igiyar guga, ya kwance noti. Igiya ta tsinke.

Na san ajali ba ya jira. Amma ku masu aro, ku ji tsoron Allah. Wanda kuka san ba zai iya buɗe baki ya tambaye ku ba, shi ya fi cancanta ku maido masa kayansa da wuri. Ku kuma samari, kunya ado ce, amma ba ta riƙe rasor.

Ranar sadakar uku surukin ya zo da ƙugiyoyin a cikin buhu. Ya ajiye su gabana yana kuka, ya ce bai ma yi amfani da su ba. Motar tana nan da ƙafa uku, 'ya'yan Laminu suna wasa kewaye da ita, ni kuma ba na iya barci.

Allah Ya jiƙan Laminu, Ya yafe masa gangancin rana ɗaya, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba Rabi haƙurin zama tsakanin kabarin mijinta da fuskar mahaifinta, Ya raya marayunsa. Amin.