Saiwar da Baba Ya Ƙi Yankewa

Shekarar da masana'antar da Baba yake wa aiki a Vénissieux, kusa da Lyon, ta sallame shi, sai ya daina fita. Mutumin da ya yi noma a Damagaram kafin ya zo Faransa ya koma zaman kujera a can saman bene, yana kallon taga. Ko masallaci sai Inna ta yi da gaske. Ni ina karatu a Paris, abin yana cina a rai.

Ranakun Asabar nakan taya wata tsohuwa aiki a shagonta na furanni. Ita ta nuna mini bonsai, wato bishiyar da ake reno a ƙaramar tukunya, ta tsufa ba ta wuce kamu biyu ba. Da kaka ta yi, na tsinto 'ya'yan wata bishiya mai suna ginko a ƙarƙashinta a bakin titi, na ƙulle a leda na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Warinsu kamar man shanun da ya lalace. Wanda ke kusa da ni ya yi ta harara, ni ma na taya shi hararar na gaba.

Inna ta ce, "Wannan ƙazantar ce tsarabar?"

Na wanke ƙwayoyin, na binne su a jiƙaƙƙen yashi, na saka a firigo, don ba sa tsira sai sun sha sanyi. Baba ya juyo daga taga.

"Uwata, iri a cikin sanyi? Zalunci ke nan."

Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana. Daga baya Inna ta tsegunta mini a waya cewa kullum sai ya buɗe firigon ya duba su.

Da sanyi ya wuce muka shuka, uku suka fito, ganyensu kamar ƙaramin mafici. Ya rene su shekara guda a bakin taga. Har hira yake musu, amma ƙofa ko kallonta bai yi ba.

Da na dawo hutu na ce lokacin yanke doguwar saiwa ya yi, in ba haka ba tukunya ba za ta ɗauke su ba. Ya zare ɗaya daga ƙasa, ya daɗe yana shafa saiwar da yatsa.

"A garinmu da wannan itace ke neman ruwa," in ji shi.

Ya yi bisimilla ya yanke biyu da rezar askinsa. Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa. Ta ukun sai ya naɗe ta a jiƙaƙƙen tsumma, ya ɗauki babban cokalin Inna, ya ce in miƙo masa takalmansa.

"Ina za ka, Malam?" in ji Inna.

"Wannan ƙasa take so. Na ga wani wuri bayan filin ƙwallo."

Muka bi shi a baya, Inna tana share ido da gefen mayafi. Ko tambayar cokalinta ba ta yi ba.