Jan Jirgin Baba Jasim

Har gobe ban manta da ranar da na faɗa tafkin ninƙaya da kayan aiki a jikina ba. Lokacin ina ma'aikacin lantarki a wani dogon bene na gidajen haya a unguwar West Bay, can ƙasar Larabawa, a tsakiyar kullen korona. Ƙa'idarmu ita ce ba ka shiga gidan kowa sai shugaban sashe ya ba ka takardar aiki, kuma kayan bene kaɗai muke gyarawa, ban da na masu haya.

Ran nan aka tura ni hawa na sha tara duba makunnin fitila. Mai gidan wani dattijo ne ɗan ƙasa, Baba Jasim, tsohon matuƙin jirgin ruwa. Ina shiga falon na tsaya cak. Bango guda cike yake da jiragen ruwa na wasa, tsofaffi, na gwangwani, masu aiki da batir. Tun yana saurayi yake tara su, duk tashar da ya sauka sai ya nemo ɗaya.

Ya ɗauko wani ja mai ɗan kwan fitila a gaba. "Bitrus, makunnin nan lafiyarsa lau," in ji shi. "Wannan na kira ka dominsa. Mahaifina ya kawo mini, rabonsa da motsi tun ina da baƙin gashi."

Na koma na faɗa wa shugabana gaskiya. Ya ce, "Yi a lokacin hutunka. In ya lalace, kai ka sani."

Kwana uku ina kansa. Tsohon batir ya yi yoyo ya cinye ƙarafunan ciki. Na wanke da ruwan khal, tsamin nan da ake sawa a girki, na kankare tsatsa, na canza waya biyu, na liƙe da dalma, na ɗiga wa injin mai. Da na sa sabon batir farfela ta juya, sai na ga idon dattijon ya ciko a saman takunkuminsa.

"Yalla, mu je ruwa," ya ce.

Tafkin saman bene a rufe yake saboda annoba, amma shugabana ya ba mu minti goma. Muka ɗora jirgin a kan ruwa, ya tashi tar, fitila na haske, yana tsaga ruwa. Baba Jasim ya tattare jallabiya yana bin gefe da sassarfa, yana dariya har da tari. Ni ma tafi nake.

Yana kaiwa tsakiya sai na ga ya karkace. Ashe akwai ƙaramar huda a ƙasansa, ruwa na shiga. Ko takalmi ban cire ba na faɗa. Na cafko shi saura kiris ya nutse, na ɗaga shi sama, ina shan ruwa.

Muka busar da shi, na toshe hudar, washegari ya ƙetare tafkin sumul. Kafin a fara gasar kofin duniya na tayar masa da guda tara, har aka jera su a harabar bene baƙi suna kallo.

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku riƙe wannan. Ni wayoyin cikinsa kawai na duba, na manta abin a ruwa zai yi aiki. Kafin ka ce ka gama, tambayi inda za a kai abin da ka gyara, ka gwada shi a can.