Yawon da Rabi Ta Ja Ni a Tawa

Maraɗi zuwa Tawa

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba kar ɗinmu, babbar motar fasinja, ta tashi. Tun a tasha na faɗa wa matata: bikin suna zan je Tawa, in kwana biyu, in dawo, amma ƙafata ba za ta taka gidan Yaya Idi ba. Shekara shida ba ma magana, tun da ya sare itacen bedin da mahaifinmu ya dasa bai ko shawarce ni ba. A Madawa jandarma ya duba katina, ya dube ni, ya ce hoton ya fi ni fara'a. A Galmi na sayi albasar dala ɗari don tsaraba. Sha biyu da rabi muka shiga Tawa.

Lahadi

Na sauka wurin taubashiyata Rabi, mai bakin tsiya. Da hantsi ta ce, "Tashi, baƙon Maraɗi, in gwada maka garin ubanka."

"Garin da aka yanke mini cibiya?"

"Awo. Ai ka mance shi."

Ta hana ni hawa kabu-kabu, wai tumbina na bukatar tafiya. Muka bi bakin tabki, inda masu lambu ke ɗaure salati. Muka kutsa kasuwa ta layin Buzaye, ta sa na sayi cuku, ta cinye rabi ina kallo. A lungunan unguwar Bilbis ta nuna mini maƙerar da ko allo babu, da tsohuwar da ke dama hurar da ba a samu bayan ƙarfe goma. Wallahi na ji daɗi, sai dai takalmina sabo ne.

Sha ɗaya da kwata na ce ƙafa ta ƙi. Ta ce, "Haba, raggo! Ga wani gida nan, mu roƙi ruwa."

Muka shiga ta ƙofar awaki. Sai da na tsallake turke na gane rumbun. Ashe ta baya ta zagayo da ni! Ga Yaya Idi bisa tabarma, da rigar Juma'a ran Lahadi, ya rame, gemu fari fat. Raina ya ɓaci.

Ya ce, "A'a! Wa nika gani? Ban san kana gari ba."

Ƙaryar banza. Akushi biyu ne a gabansa, da cokali biyu.

Na tsaya ƙiƙam. Ya kawar da kai ya ce, "Zamna, Sani. Tuwon na hucewa tun ɗazu." Na zauna. Ban san sa'ad da hawaye suka zubo mini ba, ita ko Rabi tana bakin turke tana ƙyaƙyata dariya.

Komawa

Kwana biyun nan sai da suka zama biyar. Ran Alhamis da la'asar na iso Maraɗi lafiya, alhamdu lillahi. Na gode wa duk wanda ya ba ni ruwa a Tawa. Rabi kuwa, Allah Ya saka miki, amma ba a bakina za ki ji godiya ba.