Bulus da Tafkin Bayan Gidana

Makon nan aka cika shekara tara da rasuwar abokina Bulus, magini, mutumin kudancin jiharmu da ya yi zaman Yelwa har ya fi mu sanin lungunanta. Jama'a sun san shi da gidajen hayar ɗalibai da ya gina. Ni kuwa da wani rami nake tuna shi, wanda ya haƙa a bayan gidana.

A wancan lokacin mai ɗakina tana kwance da shanyewar ɓarin jiki. Likitar da ke mata gashi ta ce idan za ta riƙa tafiya a cikin ruwa mai kai ƙirji, ruwan zai ɗauke mata nauyin jiki, wataƙila ƙafar ta dawo. Ta kuma ja kunnena cewa jinkiri yana sandarar da ƙafa. To, tafkin ninkaya a Bauchi sai a otal, mai ɗakina kuwa ta ce gara ta ƙare rayuwarta a kan gado da ta shiga ruwa a gaban maza. Na kai kukana wurin Bulus, shi kuma ya ce, "Malam, ruwa ai ba ya da otal. In ka ba ni bayan gidanka, zan kawo shi."

Ya kafa turaku, ya ja igiya, ya zana faɗin wurin da toka. Da ya tambaye ni zurfi, a nan na tafka shirmen da har yau ake mini dariya a kansa. Mu Fulani kunya ta yi mana katutu. Mutumin da ko sunan matarsa ba ya faɗa, ina zai iya zuwa ya auna ta? Sai na dafa ƙirjina na ce, "Nan." Ni kuwa dogo ne kamar falwaya, ita gajeriya.

Ƙasar Bauchi ba ta ba da rami kyauta. Kwana uku da fara haƙa diga ta ci karo da dutse. Ma'aikatansa suka riƙa hura wutar itace a kansa, in ya yi zafi su kwara masa ruwan sanyi, ya tsage, su bi da guduma. Kwana goma sha biyu suka yi a haka.

Matarsa Rifkatu ce ta gano ɓarnar ranar da ta zo duba marar lafiya. Ta leƙa ramin, ta koma ɗaki da zare, ta auna ƙawarta daga tafin ƙafa zuwa ƙirji, ta ƙulla. Da aka zura zaren, sai ga shi ruwan zai rufe mata baki. Bulus ya dube ni ya girgiza kai. "Ɗan Fillo, ko ramin mugunta an ce a gina shi gajere, balle na jinya."

Na ce a mayar da ƙasar da aka fitar, magana ta ƙare. Ya ƙi. Ya ce ƙasar da aka tona takan zauna daga baya, in ta zauna kankaren ya tsage, ruwa ya zurare. Duwatsun da suka fasa ya sa aka mayar, a shimfiɗa kaɗan a daɓe, a ƙara a daɓe. Raina ya ɓaci ƙwarai, don kullum ina kallon ƙafar nan tana ƙara ƙanƙancewa, har na yi kwana biyu ina amsa gaisuwarsa da kai.

Bai kula ni ba. Ya saƙa rodi a ƙasa da gefe kamar tabarma, ya binne bututan da za su kai ruwa ga injin tacewa su dawo da shi, ya kafa katakon da zai tare kankare. Ƙasan da bangon a yini ɗaya aka zuba musu kankare, don kada a bar gaɓar da za ta yi yoyo. Sannan ya sa ni aikin ba kankaren ruwa safe da yamma har mako uku, wai hukuncina ke nan. Ya yi matakala masu faɗi, ya zaɓi tayil mai kaushi saboda santsi, ya kewaye bakin da ƙarfen dafawa. Da aka cika tafkin, ya ajiye bokitin ruwa a gefe, ya yi wa kowanne alama. Bayan kwana uku raguwarsu ta zo daidai, ya ce rana ce ta sha, ba ƙasa ba.

Yau abubuwa sun sauya. Injin haƙa kan gama a yini abin da ya ci mu kusan mako biyu, waɗanda suka koyi aiki a hannunsa kuma su ke gina tafkuna a manyan gidaje. Na san Bulus zai yi murna da injin, don bayansa ya sha wuya. Amma na tabbata kafin a kafa turke zai tambaya wa zai shiga ruwan, ya kuma ƙi yarda da amsar miji.

Tafkin yana nan, bai taɓa yoyo ba. Da hantsi nakan bar gida, domin tsofaffin matan unguwa masu ciwon gwiwa sun mayar da shi nasu, Musulmi da Kirista, Rifkatu ce kuma mai tsawata musu. Sannu ba ta hana zuwa. Mai ɗakina ta fara da taku huɗu tana riƙe da ƙarfe tana kuka, ta kai goma, ta kai ga ƙetare shi. Sai dai duk a cikin ruwa, kuma Bulus bai taɓa gani ba, tun da ba wurin shigarsa ba ne. Labari kawai yake ji a bakin matarsa.

Idan aka tambaye ni me ya bari, ba ginin nake fara lissafawa ba. Ranar da ya rasu na kai mai ɗakina ta'aziyya. Na buɗe bayan mota zan sauko da keken marasa lafiya, sai ta ce in bar shi. Ta karɓi sandata, ta sauka, ta taka daga bakin titi har ɗakin Rifkatu, ina biye da ita ina hawaye a gaban mutane. Wannan ne takunta na farko a kan busasshiyar ƙasa, kuma gidansa ta kai shi.