Na'Allah Mai Waigi a Hawan Tsamiya

Kakana Na'Allah ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana aikin mota, amma bai taɓa riƙe sitiyari ba. Mutanen Boɗinga suna ce masa karen mota, sunan da ya tsana har ya koma ga Allah. Mu jikokinsa in muna jin tsokana, sai mu tsaya nesa inda sandarsa ba ta kaiwa mu kira shi da shi. A wurinsa sunan aikinsa mai waigi, kuma bai ga dalilin da za a haɗa magidanci mai furfura da dabba ba.

Waigi guntun icce ne mai kauri, an sassaƙa gefe ɗaya ya yi gangare, an bar masa mariƙi. A zamanin Turawa, motocin da ke bin hanyar Jega zuwa Sakkwato ta Shagari da Boɗinga manyan motoci ne masu bodin katako, birkinsu kuwa sai dai a bi shi da addu'a. In mota ta sha kaya ta zo hawa, numfashinta ya ɗauke, sai ta fara komawa da baya. A nan mai waigi zai diro ya cusa iccen nan a bayan taya, motar ta ɗan hau kansa ta tsaya, direba ya sake ta da inji. Kafin waigi ya kama, mota kan ci taku uku ko huɗu da baya. Wannan taku huɗun shi ne duk abin da kakana yake roƙo a wurin direbobin da ke biyo su, kuma shi ne abin da suka fi yi masa rowa.

Direbansa Mijinyawa ne, mutumin Dingyaɗi, wanda bai san gaggawa ba ko a cin tuwo. Madubin motarsa ya fashe tun tana da sauran fenti, bai kuma sake sa wani ba, don ya ce ga Na'Allah. Saboda haka kakana yakan zauna a can ƙarshen bodi, a kan buhuna, ya ba gaba baya, waiginsa a cinya. Magana tsakaninsu da bugun katako ce. Bugu ɗaya a tsaya, biyu a tafi, uku kuwa yana nufin wani ya zo ya manne musu.

Masu mannewar nan ya san su ɗaya bayan ɗaya, kuma yana da matakan da yake bi da su. Da farko zai ɗaga tafin hannu cikin mutunci. In ba a ja baya ba, sai ya cire hula ya yi ta kaɗawa. In wannan ma bai yi ba, akwai wani ɗan kwando da yake ajiyewa kusa da ƙafarsa, cike da ruɓaɓɓiyar albasa da yake tsinta a kasuwar Boɗinga. Hannunsa ba ya kuskure. Direban da albasa ta fashe wa a gilashi dole ya tsaya ya wanke, kafin ya gama kuwa su Mijinyawa sun haye hawa. An sha kai ƙararsa wurin sarkin tasha, shi kuwa bai taɓa musu ba, sai dai ya tambayi mai ƙara ko wani ya mutu.

Mutum ɗaya ne albasa ta kasa gyarawa, shi ne Haliru. Ya dawo daga yaƙin Bama da takardar tuƙi da gashin baki, wani attajirin Sakkwato ya ba shi sabuwar mota. Ba mugu ba ne, wannan ko kakana bai taɓa cewa ba. Yana durƙusawa ya gai da manya, yana ɗaukar tsofaffi a hanya. Amma da zarar ya hango bayan wata mota, sai ya matso har ka iya ƙirga haƙoransa ta gilashi.

Wata rana a tashar Shagari kakana ya tare shi gaban mutane.

"Kai Haliru, mi kaka nema ƙarƙashin motammu? In wani abu naka yah hwaɗa ciki, gaya min in ɗauko ma."

Haliru ya yi dariya ya ce, "Baba, haka anka koya muna ga soja. Wanda duk yab bar hili tsakaninai da na gaba, sajan na cin mutuncinai. Kuma ni birkina sabo na."

"Naka sabo na," in ji kakana. "Namu hwa?"

Mutane suka yi dariya, Haliru ma ya taya su. Kashegari ya sake mannewa. Haka suka yi ta yi fiye da shekara, har ta kai kakana ba ya amsa gaisuwarsa sai da ka.

A damanar da aka haife ni ne abin ya kusa zuwa da ƙarar kwana, Allah ya tsare. Mahaifiyata Safinatu ita ce 'yarsa ta fari, tana aure a Shagari. Cikinta na fari ya shiga wata takwas, lokacin zuwa goyon ciki gidan iyaye a Boɗinga ya yi. Ni ce a cikin, don haka duk abin da zan faɗa ina wurin aka yi shi, sai dai ban ga komai ba.

An yi ruwa da asuba, hanya ta jiƙe. Sai da hantsi ya yi aka buɗe shingen Shagari da ake tare motoci da shi bayan ruwa. Motar Mijinyawa ta ɗauko buhunan shinkafa da gwangwanayen manja daga Jega har ta yi tozo. Kujerar gabanta katako ne tsura, zafin inji kuma yana dukan ƙafa. Kakana ya dubi 'yarsa tana tsaye dafe da ƙugu, ya dubi katakon nan, ya dubi motar Haliru mai kujerar katifa da ke tsaye a baya. Ya daɗe yana faɗa mana cewa takun da ya yi daga motarsu zuwa ta Haliru ya fi masa tafiyar Jega a ƙasa wuya.

"Haliru, roƙo niz zo. Ga ɗiyata, ka gan ta da nauyi. Ɗauke min ita gidan gaba."

"Haba Baba, ko ba ka roƙa ba. Ɗiyakka ƙanwata ta."

"To wuce gaba, mu bi ka."

"A'a Baba, ƙasa ta jiƙa, ni ban san inda ad da tauri ba. Sawun Mijinyawa ni ka bi."

"To don girman Allah bar muna hili. Yau ɗai."

Haliru ya dafa ƙirji ya yi alkawari. Kuma ya cika, har wajen mil biyu.

Daga nan hali ya motsa. Kakana yana zaune a kan buhuna yana kallon motar nan tana matsowa kaɗan-kaɗan. Ya ɗaga tafin hannu. Haliru ya ɗaga masa nasa yana murmushi, ya nuna masa gefensa da yatsa. Mahaifiyata ce ta jingina kai da ƙofa, barci ya kwashe ta. Wato shi Haliru a ganinsa alheri yake yi, ya matso da 'ya kusa don uba ya ga yadda take jin daɗin tafiya. Kakana ya cire hula ya kaɗa har hannunsa ya gaji. Ya sa hannu cikin kwando ya ɗauko albasa, ya dubi gilashin da 'yarsa ke barci a bayansa, ya mayar da ita. Ya bugi katako sau uku. Mijinyawa ya ji, amma hanyar ta mota ɗaya ce, rami dama rami hagu, ba wurin raɓewa.

Bayan an wuce mararrabar Dandin Mahe akwai wani hawa da direbobi ke kira Hawan Tsamiya. Ba wani tudun kirki ba ne, yau mai keke ma yana haye shi yana waƙa. Amma ranar jar ƙasa ce jiƙaƙƙiya, motar kuma ta sha kaya fiye da ƙima. Sun kai rabi sai inji ya yi tari sau biyu ya mutu.

Kakana ya ce a rayuwarsa bai taɓa jin shiru irin wannan ba. Motar ta tsaya cik kamar tana shawara, sannan ta fara zamewa baya. Tsakaninta da hancin motar Haliru bai fi taku biyu ba. Haliru ya taka sabon birkinsa ya tsaya daram, ya riƙe sitiyari da hannu biyu ya buɗe baki, ko tunanin ja da baya bai zo masa ba. Ƙarshen bodin Mijinyawa kuwa, da katakonsa da ƙarafunansa, daidai gilashin gaba yake, daidai inda mahaifiyata ke barci.

A ƙa'ida mai waigi yakan diro ta gefe, ya tsaya a waje ya miƙa hannu. Ranar ba lokacin wannan. Kakana ya faɗa tsakanin motocin biyu, ya durƙusa ya cusa waigi. Tayar ta taɓa waigin, sai laka ta kwashe shi, waigi da taya suka taho tare suna tura kakana. Ya zauna daɓas cikin taɓo, ya tokare bayansa da tayar gaban motar Haliru, ya sa ƙafafu biyu ya danne waigin. Gwiwoyinsa suka yi ta lanƙwashewa suna zuwa ƙirjinsa. Ya ce bai yi salati ba, bai tuna kowace addu'a ba, sunan 'yarsa kawai yake kira kamar mai tashinta sallar asuba.

Can ƙarƙashin laka bakin waigin ya sami tsakuwa ya cije. Tayar ta hau kansa, iccen ya yi ƙara, motar ta girgiza ta tsaya.

Da Mijinyawa ya sauko ya zagayo, sai ya sa hannu tsakanin katakon motarsa da gilashin Haliru. Tafin hannunsa ya shiga, amma bai iya juya shi ba. Mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ranar ya buɗe baki zai yi faɗa, sai kawai ya zauna a bakin rami yana ta "Alhamdu lillahi" ba ƙaƙƙautawa. Fasinjoji suka diddiro, suka kwaso duwatsu suka tottokare sauran tayoyi. Aka jawo kakana ta gefe, aka duba shi sama da ƙasa. Ko ƙwarzane babu, sai takalminsa ɗaya da ya tafi ƙarƙashin taya.

Haliru ya sauko ya zube gabansa.

"Baba, buge ni. Don Allah buge ni."

Kakana ya dube shi. Fiye da shekara yana tara maganganun da zai faɗa wa yaron nan, duk suka bi iska. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Tashi ka ja motakka baya. Sannu-sannu, kak ka tashe ta."

Amma hayaniya ta riga ta tashe ta. Mahaifiyata ta buɗe ƙofa, ta sauko da kyar tana gyara mayafi, tana hamma. Ta dubi mutane sun yi cirko-cirko, ta dubi itatuwa, ta ga ba Boɗinga ba ce. Sannan ta hango ubanta zaune a ƙasa, laka har wuya, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Baba, mi kaka yi cikin taɓo? Tashi mana, mutane na kallo."

Ya yunƙura zai tashi, ƙafafun suka ƙi. Ya sake yunƙurawa, suka ƙi. Sai ya fashe da dariya, hawaye na bin lakar fuskarsa.

"Zo ki zamna nan kusa gare ni, Safinatu," ya ce. "Bari su yi ta kallo."